"With Due Respect": Gaisuwa Ce Ko Shimfiɗar Musu?

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ND II da muka fara ƙirga kwanaki, lokacin rubuta wasiƙu ya zo. Wanda zai nemi gurbin IT na shekara ɗaya kafin ya dawo HND, wasiƙa zai rubuta. Wanda yake neman tallafin karatu, wasiƙa. Wanda makinsa bai fito ba yana so a duba masa, wasiƙa. Hatta ƙannenmu 'yan ND I da za su tafi SIWES ba su tsira ba. To in ka tara waɗannan wasiƙu ka jera su a kan tebur, za ka ga da yawansu da kalmomi uku suka fara: "With due respect". Wasu ma sukan ƙara mata gishiri su ce "With due respect and honour", wasu kuma "With much due respect and humility".

Na san dalilin da ya sa muke son ta. Mu Hausawa ba ma shiga wurin babba mu tsaya ƙerere mu faɗi abin da ya kawo mu. Sai mun rusuna mun gaisa. Da muka zo rubutu da Turanci, sai muka nemi abin da zai tsaya mana a matsayin rusunawar, muka tarar da wannan jimla a wasiƙun yayyenmu, muka ɗauka. Niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce a wurin masu harshen, wannan jimla ba gaisuwa ba ce. Sanarwa ce cewa mai magana zai ja da abin da aka faɗa. Wannan shi ne darasinmu na wannan fitowa: me jimlar take nufi, ina ta dace, ina ba ta dace ba, kuma me za mu sa a gurbinta.

Mu fara warware ta kalma-kalma

"With" ba ta da wahala, ita ce "da" ko "tare da". "Respect" kuwa girmamawa ce, ko ganin ƙimar mutum. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin waiwayawa a sake duban abu. Wato wanda kake girmamawa shi ne wanda ba ka wuce shi haka kawai, sai ka waiwayo ka dube shi.

Kalmar tsakiya, "due", ita ce mai ɗauke da sirrin. Ma'anarta abin da ya wajaba a biya, ko haƙƙin da ake bin mutum. Ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, kamar dai yadda Hausa ta ari kalmomin shari'a da na ilimi daga Larabci. Shi ma Faransancin daga Latin ya samo ta, kuma tushenta ɗaya da "debt", wato bashi, da "debit" ɗin da 'yan sashen akanta suka haddace, da wanda banki yake turo mana a waya idan kuɗi sun fita. Kuɗin ƙungiyar ɗalibai da muke biya duk shekara muna ƙunƙuni, "dues" ake ce musu. Ranar da littafin laburare ya kamata ya koma, "due date". Duk kalma ɗaya ce.

Saboda haka fassarar jimlar kai tsaye ita ce: "tare da girmamawar da kake bi na". To lura da wani abu a nan. Jimlar ta amsa cewa akwai bashi, amma ba ta faɗi nawa ne ba. Yana iya zama buhu, yana iya zama mudu, yana iya zama ko ƙwaya babu. Mai magana ya ce zai ba ka girman da ka cancanta, amma shi ne zai yanke ko nawa ka cancanta. A wannan ɗan giɓi ne habaici yake samun wurin ɓuya.

Yadda masu harshen suke amfani da ita

A Ingila da Amurka, idan mutum ya fara da "with due respect" ko "with all due respect", mai sauraro yakan gyara zama, domin ya san abin da zai biyo baya ba yabo ba ne. Ga misali: shugaban taro ya ce kuɗin da aka ware za su isa aikin. Ƙaramin ma'aikaci ya ɗaga hannu ya ce, "With due respect, sir, the figures do not support that." Wato: Yallaɓai, ba raini ba, amma alƙaluman ba su nuna haka ba. Ka ga aikinta ke nan. Matashi ce da ake sakawa kafin a jingina wa babba magana mai tauri.

Wurin da ya fi kowane sauƙin jin ta a inda ta dace shi ne kotu, kuma ba sai ka je Landan ba. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Duk ranar da ba ka da lacca, je ka Babbar Kotun Jiha a nan Dutse ka zauna a baya ka kasa kunne. Lauya ba ya tashi ya ce wa alƙali "with respect, my Lord" don ya gaishe shi da safe. Yana faɗin ta ne lokacin da alƙali ya karkata wani ɓangare, shi kuma yana so ya nuna masa cewa doka ba haka ta ce ba. Haka idan zai rushe hujjar lauyan ɗaya ɓangaren, sai ya fara da girmama "my learned friend", sannan ya sauke masa. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ma sukan yi amfani da ita a rubuce yayin da za su soke hukuncin alƙalin da ke ƙasa da su. A zauren majalisar dokoki ma haka abin yake: ɗan majalisa yana cewa "with due respect, Mr. Speaker", ka san ƙorafi ne zai biyo.

Jimlar tana da matakai, kuma abin mamaki, yawan girmamawar da aka ambata shi ne yawan zafin musun. "With respect" ita ce mai sauƙi. "With due respect" da "with all due respect" sun fi ta nauyi. "With the greatest respect" kuwa, a bakin ɗan Ingila, sau da yawa tana dab da cewa maganarka shirme ce. A farkon shekarar 2019 kamfanin jin ra'ayin jama'a na YouGov ya tambayi 'yan Birtaniya da Amurkawa abin da suke fahimta da wannan ta ƙarshen. Mafi yawan 'yan Birtaniya suka ce mai faɗin ta yana ganin ka wawa ne. Kusan rabin Amurkawa kuwa suka ɗauka yana nufin yana sauraronka. To idan Ba'amurke, wanda da Turanci aka yi masa tawai a goye, zai iya faɗawa wannan rami, mu da muka fara haɗuwa da harshen a firamare ba abin kunya ba ne don ta shige mana duhu. Abin kunyar shi ne mu sani mu ci gaba.

Ai mu ma muna da irinta

Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan darasi ita ce mu nemo 'yar uwar jimlar a Hausa. Ba "ranka ya daɗe" ba ce, ba kuma "Allah ya ba ka nasara" ba. 'Yar uwarta ita ce "ba raini ba".

A ce ana sasanta rikicin iyakar gona a wani ƙauye ta wajen Kiyawa. Dattijo ya nuna wata bishiya ya ce daga nan iyakar ta fara. Ɗan ƙaninsa, wanda ya san ba haka ba ne, ba zai ce masa ya yi ƙarya ba, tunda a wurinmu babba ba ya ƙarya sai dai mantuwa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba raini ba, amma ina ga kamar Baba ya ce daga waccan tsamiyar ce." Kowa a wurin ya san an ƙaryata Kawu, amma an bar masa mutuncinsa. Haka ɗalibi a zaure zai ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini aikin gafara, kamar ba haka aka biya mana ba jiya." Muna da su da yawa: "ba musu nake yi ba", "ba wai na fi ku sani ba", "ba cin fuska ba". Dukkansu da "amma" suke tafiya. Kuma dukkanmu mun san cewa idan aka ce "ba zagi ba", to zagin ne yake tahowa.

Yanzu juya abin. Ka shiga ofishin wani darakta a sakatariyar jiha kana neman gurbin IT, ka durƙusa ka ce, "Yallaɓai, ba raini ba, ina neman aiki." Me zai ji? Zai tsaya yana kallonka yana tunanin wa ya yi maganar raini tun farko. Wannan shi ne abin da mai karatu da ya san Turanci sosai yake ji idan ya ga "With due respect, I wish to apply". An yi masa shimfiɗar musu, ya gyara zama, sai ya tarar da roƙo.

Ta ina ta shigo wasiƙunmu?

Hanyoyi biyu ne suka haɗu. Ta farko tamu ce. Wasiƙar Hausa ba ta fara da buƙata. Sai an ce takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, an yi gaisuwa mai yawa da fatan alheri, an tambayi iyali, sannan a ce "bayan haka". Duk wanda ya taɓa rubuta wa kakarsa wasiƙa tana faɗa masa yana rubutawa ya san wannan tsari. Kunnenmu ya saba da shi, shi ya sa wasiƙar da ta tafi kai tsaye take yi mana kama da rashin kunya.

Hanya ta biyu ta zamanin mulkin mallaka ce. Turancin ofis na wancan lokaci cike yake da ƙanƙan da kai. Ma'aikaci yakan rufe wasiƙarsa da cewa shi bawa ne mai biyayya ga wanda yake rubuta wa, mai neman aiki kuma yakan fara da "I beg to apply". Akawunan En'e da malaman makarantun farko sun koyi wannan salo, suka koya wa na bayansu. Turawan da suka kawo shi sun daɗe da yar da shi a ƙasarsu, mu kuwa muka adana. Ba mu kaɗai ba ne: a Indiya da Pakistan da Bangaladash ma ɗalibai suna buɗe wasiƙar neman izini da "with due respect" har gobe.

A zamaninmu kuma akwai hanya ta uku, ita ce shagon buga takardu. Kowa ya san yadda ake yi. Ka je ka ce kana son wasiƙar IT, mai shago ya buɗe wata tsohuwa da ke ajiye a kwamfuta, ya goge sunan wani ya sa naka, ya canza lambar rajista, ka biya ka tafi. Ta haka jimla ɗaya take yawo daga aji zuwa aji shekara da shekaru ba wanda ya tsaya ya tambaye ta daga ina take.

To kuskure ne, ko Turancin Najeriya ne?

Wani zai ce, ai mu ma muna da namu Turancin. Gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da jimloli 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow", har da Kannywood ɗinmu. Kuma idan ka kai wasiƙa mai "with due respect" wata ma'aikata a Dutse ko sakatariyar ƙaramar hukuma a Jahun ko Birnin Kudu, mai yiwuwa wanda zai karɓa shi ma da ita ya nemi aikinsa, ba zai ga komai ba sai ladabi.

Amma ga abin dubawa. Wasiƙa ba ta tafiya da mai ita. Ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Tana iya zuwa teburin jami'in ɗaukar ma'aikata na banki ko kamfanin sadarwa a Legas, ko na wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa irin waɗanda suke aikin lafiya da ilimi a jihar nan, ko ofishin wata jami'a a Ingila da kake neman tallafin karatu. Irin wannan mutum yana da tarin takardu a gabansa, kuma layin farko ne yake gaya masa wane ne kai. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ka bar jimlar, babu wanda zai rage maka komai, domin ba a taɓa mayar da wasiƙa don ba ta ce "with due respect" ba. Idan ka saka ta, wani ba zai damu ba, wani zai ɗauka kwafa ka yi, wani kuma zai ji kamar da faɗa ka zo. Abin da barinsa ba ya cutarwa, saka shi kuma yana iya cutarwa, ai ba sai an yi dogon shawara a kansa ba.

Me za a rubuta a gurbinta?

Abin da ya kamata mu gane shi ne, ladabi a wasiƙar Turanci ba a cikin kirari yake ba. Yana cikin tsari da kuma rashin ɓata wa mai karatu lokaci. Tsarin nan dai shi ne wanda muka koya don jarrabawar WAEC da NECO, aka kuma maimaita mana a kwasa-kwasan GNS: adireshinka da kwanan wata, muƙami da adireshin wanda kake rubuta wa, "Dear Sir" ko "Dear Madam", kan magana, sannan jikin wasiƙa. "Dear Sir" ɗin nan ita ce rusunawarka. Ta wadatar. Rubuta muƙamin mutum daidai, da sunan ma'aikatarsa ba kuskuren harafi, ya fi masa daɗi fiye da layi uku na "honour" da "humility".

Daga nan sai ka tafi kai tsaye. Mai neman IT ya ce, "I write to apply for a one-year industrial attachment in your organisation." Sai ya faɗi abin da ya karanta, da lokacin da zai gama, da abin da ya iya yi da hannunsa. Mai neman a duba masa maki ya ce, "I write to request a review of my result in", sai ya sa lambar kwas ɗin da zangon karatun. Idan kana so ka tausasa roƙo, ga kalmomin da aka tanada don haka: "I would be grateful if you could", wato zan yi godiya idan za ka iya. Akwai "kindly", akwai "please". Idan kuma zuciyarka ba za ta kwanta ba sai kalmar girmamawa ta fito, to ka ce "I respectfully request". Wannan ladabi ce tsantsa, babu ƙaya a cikinta.

Wajen rufewa, ka tuna ƙa'idar: wasiƙar da ta fara da "Dear Sir" ko "Dear Madam" da "Yours faithfully" take ƙarewa, wadda ta fara da sunan mutum kuma da "Yours sincerely". Harafin farko na "Yours" ne kawai babba. Sai sa hannu, sai cikakken suna a ƙasa.

Wannan ya shafi saƙon waya ma. Idan za ka tura wa malami saƙo ta WhatsApp, "Good morning, sir" da sunanka da ajinka da abin da kake so sun isa. Malamin da ya buɗe saƙo ya ga "With due respect sir" da ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana da dalilin tunanin ƙorafi ne ya iso.

Inda jimlar take da amfani

Kada wani ya fahimci cewa na ce a jefar da ita. A'a, makami ce mai kyau, kuma akwai ranakun da za mu buƙace ta. Ga wurare uku da suke gabanmu.

Na farko, ranar kare furojet. Ɗaya daga cikin malamai ya ce ba ka nuna inda ka samo bayananka ba, alhali ka nuna. Yin shiru zai ci makinka, yin gardama kuma zai fi ci. Sai ka ce, "With respect, sir, the source is given on page twelve." Ka gyara maganar, ka bar masa girmansa.

Na biyu, taron ƙungiyar ɗalibai. Ana karanta rahoton kuɗi, ka ga lissafin bai haɗu ba. Kuɗinka ne, haƙƙinka ne ka tambaya. "With due respect, Mr. President, the total on this page does not match the receipts." Wannan ya fi ihu daga bayan zaure tasiri nesa ba kusa ba.

Na uku, wurin IT. Wanda yake kula da kai ya ce ka sa hannu a kan cewa kaya sun iso cif, kai kuma ka ƙirga ka ga da saura. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ranar da aka zo bincike sa hannunka za a gani, ba nasa ba. A nan jimlar za ta cece ka: "With due respect, sir, I counted forty cartons, not fifty." Ɗalibin da ya ɓarnatar da jimlar a wasiƙar roƙo bai san yana da ita ba a ranar da take da rana.

Amma tana da sharuɗɗa. Ɗaya, abin da zai biyo bayanta ya zama hujja, ba baƙar magana ba. Jimlar ba lasisin rashin kunya ba ce. Wanda ya ce "with due respect" sannan ya ce wa malami bai san aikinsa ba, ya zage shi sau biyu ne. Biyu, sau ɗaya ake faɗin ta. Idan ka maimaita sau uku a magana ɗaya, ta koma gatse. Uku, murya da fuska su tafi tare da ita. Huɗu, daga ƙasa zuwa sama take tafiya, ko tsakanin tsara a zaman hukuma. Idan ka faɗa wa abokinka a ɗakin kwana ko a wurin mai shayi, tsokana ce, kuma shi ma ya sani. Biyar, a rubuce ta fi kaifi, domin takarda ba ta murmushi. Idan za ka yi musu a imel, ya fi aminci ka ce "I may be mistaken, but" ko "May I point out that", sannan ka kawo hujjarka.

'Yan uwanta masu rikitarwa

Akwai wasu jimloli da suka yi kama da ita a ido amma aikinsu daban.

"With respect to" da "in respect of" galibi ba su da alaƙa da girmamawa. Ma'anarsu "dangane da". Idan wasiƙa ta ce "with respect to your letter of 3rd March", tana nufin dangane da wasiƙarka ta ranar 3 ga Maris. Ba wasiƙar ake girmamawa ba.

"Respectfully" da "respectively" sun sha kayar da mutane. Ta farko tana nufin cikin ladabi. Ta biyu tana nufin bi da bi, kowane da nasa a jere. Idan aka ce Dutse da Haɗejia suna shiyyar kaza da kaza "respectively", ana nufin ta farko ta Dutse ce, ta biyu ta Haɗejia. Saboda haka wanda ya rufe wasiƙa da "Yours respectively" ya ce ne "naka bi da bi", wanda ba shi da kai balle gindi.

"Due to" tana nufin saboda. "In due course" tana nufin idan lokacin da ya dace ya yi, kuma idan ofis ya amsa maka da ita, kada ka zauna jiran gobe.

Sai ƙananan kurakuran rubutu. Ba a cewa "with due respects" da harafin jam'i a ƙarshe. "Respects" wani abu ne daban, shi ne na zuwa gaisuwa ko ta'aziyya. Ba "with do respect" ba ce kuma, duk da cewa a bakin Ba'amurke kalmomin biyu sauti ɗaya suke fita. Kuma waƙafi yana biyo bayanta kafin sauran maganar.

Gwada kanka

Ga jimloli biyar. Rufe amsoshin da hannu, ka ware waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba.

1. With due respect, I am applying for the post of clerical officer.
2. With due respect, madam, the deadline on the notice board is Friday, not Wednesday.
3. I write with respect to my missing result.
4. With all due respect, thank you for your kindness.
5. With respect, sir, I was present at that lecture and I signed the attendance.

Ta 1 ba ta dace ba, roƙo ne babu musu, a goge kalmomi ukun farko a fara da "I am applying". Ta 2 ta dace, an gyara wa babba kwanan wata cikin ladabi, an kuma kawo hujja. Ta 3 daidai ce, domin "dangane da" take nufi. Ta 4 ita ce mafi muni, ta mayar da godiya kamar habaici, "Thank you for your kindness" kaɗai ta isa. Ta 5 ta dace, kuma ita ce irin wadda za ta iya raba ɗalibi da kariyoba.

Wanda ya ci biyar, madalla. Wanda ya ci ƙasa da haka ya sake karanta sashen Kawu da tsamiya. Gwajin da za ka riƙe a aljihu shi ne wannan: duk lokacin da hannunka ya tafi zai rubuta "with due respect", sa "ba raini ba" a wurinta ka karanta da Hausa. Idan maganar ta zauna, bar ta. Idan ta ba ka dariya, goge ta.

Kafin ka kai wasiƙarka ta IT a buga maka sati mai zuwa, rubuta ta da hannunka tukuna, ka ba wani malamin GNS ko abokin da ka yarda da Turancinsa ya duba. In kuma mai shago ya buɗe maka waccan tsohuwar ta cikin kwamfuta, ka ce masa cikin ladabi, "Maigida, ba raini ba, a cire mini layin farkon nan." Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu samu gurabe masu albarka.